Ranar da Allah Kaɗai Ya Sani

Surukata ta zo Kumasi da ƙunshin kaya ɗaya, da ƙwarya, da wani ɗan tsumma da ta ƙulle irin kuɓewa da na yakuwa a ciki. Mijinta ya rasu a ƙauye, can arewacin ƙasar nan, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aurensu, gida ya zama daga ita sai kaji. Maigidana ya yi ta aika mata ta zo, ita kuma ta yi ta cewa sai an gama shuka, sai an gama girbi. Ranar da aka buga masa waya aka ce ta faɗi a hanyar rijiya, ya ajiye zarto da guduma, ya hau mota, ya ce ba zai dawo ba sai da ita. Ya dawo da ita kuwa. Amma tun a bakin ƙofa, kafin ta sha ruwan da na miƙa mata, ta ce mini, "'Yata, ni gani na zo yi. In na gani, zan faɗa muku."

Mma muke ce mata, mu da yara duka. Ƙunshin nan ta ɗora shi a kan akwati a ɗakin da muka gyara mata. In za ta sa zane sai ta kwance, ta zaro, ta sake ɗaurewa tam. Na nuna mata ƙusa a bango, na nuna mata akwatin da na kwashe mata kayan ciki, ta ce an gode. Na kawo mata tsohon bokiti da gindinsa ya huje, na ce, "Mma, ga wannan, a zuba ƙasa ki shuka irinki." Ta ce, "Bari tukuna. Ba na so in shuka in bar wa wani wahalar ban ruwa." Daga nan na gane, muddin irin nan yana cikin tsumma, ƙafarta ɗaya tana kan hanya. Mu kuma mun san in ta koma, babu mai ɗebo mata ruwa.

Ni a nan Moshi Zango aka haife ni, a nan na yi aure, kuma in ba coci ba da wuya a gan ni na tsallaka titi. Koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gida da safe. Makaranta ban yi nisa ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina juya ƙosai a mai, ina jin wanda ke dariya da gaske da wanda ke dariya don ya rufe magana. Gidan da muke haya na wani Alhaji ne, mutanen Nijar, kuma mu kaɗai ne Kirista a ciki. Matarsa, Hajiya, ita ta yi mini wankan jego na ɗan fari. Kiran sallar asuba shi ne agogonmu. In ladan ya kira, su su tashi alwala, mu mu taru a tabarma mu yi addu'ar safe kafin in hura wuta.

A addu'ar safen nan na fara son Mma da gaske. Da yarensu take yi, ni kuma ina tsintar kaɗan kaɗan. Ba ta gaggawa. Sai ta gaishe da Ubangiji kamar yadda ake gaishe da babban mutum, ta faɗa masa yadda ta kwana, ta ambaci 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta ambaci maƙwabciyar da ta bar wa kaji, har da wata zabuwa mai ɗingishi. Yara su riƙa toshe baki. In ta gama ta buɗe ido ta ce, "Me kuke dariya? Shi ya yi zabuwar, ba ni ba."

Cocinmu ƙarami ne, rufin kwano, a hanyar da ke fita Dichemso. Yawancinmu mutanen arewa ne da 'ya'yansu, Farafara da Dagati da Kusasi da Moshi, sai Asantawa kaɗan. Fasto ya yi wa'azi da Twi, yaren Asantawa, a juya da Hausa, don Hausa ce ta haɗa mu duka. Lahadin farko da muka kai Mma, ana buga ganga sai na ga tsohuwar da aka ce ta faɗi a hanyar rijiya ta miƙe, ta ɗaure zane a ƙugu, ta sunkuya, ta fara wata rawa ta kafaɗa da ni da nake yarinya a kanta ba zan iya ba. Mata suka yi ta guɗa. Maigidana ya raɗa mini, "A cocin ƙauyenmu ita ke buɗe rawa." Na ce a raina, shi ke nan, ta gani.

Ashe da saura.

Muna da wata al'ada da muka koya wurin Asantawa. Su kowa ya san ranar da aka haife shi, har suna ake ba shi da ita. To a Lahadin farkon kowane wata, bayan baiko na kullum, sai a yi baikon ranar haihuwa. A ajiye kwano a gaba, a kira 'yan Litinin su taso da rawa su jefa abin da Allah ya hore musu, sai 'yan Talata, har a kai Lahadi. Kowace rana da waƙarta da launin hankicinta. Ana tsokanar juna, ana gasa, ana zufa. Mai kiran kuwa wani dattijo ne da muke ce wa Kawu, aikinsa kiran fasinja a tashar Race Course, kuma yadda yake kira a tasha haka yake kira a coci. "Litinin! Litinin! Mota ta kusa tashi! 'Yan Talata ku matsa, ba taku ba ce!" In layi ya yi gajere ya ce, "Kai, wannan mota ko kuɗin mai ba za ta fitar ba." Ni 'yar Alhamis ce, uwata ta faɗa mini, kuma hankicinmu kore ne. Maigidana shi ke jan layin 'yan Asabar, da rawayan hankici a wuya.

Da ranar ta zo, ban yi tunanin komai ba. Ina zaune kusa da Mma, aka kira Litinin, ta yunƙura za ta tashi. Na riƙe mata zane, na ce, "Mma, sai an kira ranarki." Ta ce, "Wace rana?" Na ce, "Wadda aka haife ki." Ta dube ni, ta koma ta zauna. Aka kira Talata, aka kira Laraba. Da aka kira Alhamis na tafi na yi rawata na dawo, na same ta yadda na bar ta, hannu biyu a cinya. Benci ya riƙa cika yana raguwa, ita tana nan. Da aka kira Lahadi, rana ta ƙarshe, na ce, "Mma, ke fa?" Ta girgiza kai. Amma na ji ƙafarta a ƙarƙashin benci, tana bugun siminti daidai da ganga, tun daga Litinin har aka gama. A duk cocin nan, har jarirai an ɗaga su an kai gaba. Ita kaɗai ce ba ta tashi ba.

A gida na tuƙa tuwon zafi da miyar ayoyo. Muna ci, Mma ta ajiye loma ta ce wa ɗanta, "Kai, zo nan."

"Ga ni ai, Mma."

"Na gan ka da ƙyallen rawaya kana jan mutane. Wace rana ce wannan?"

"Asabar."

"Asabar. Wa ya faɗa maka?"

Ya yi dariya, irin wadda ake yi don a rufe magana. Ta ce, "Ni na haife ka. Ranar kasuwa ce, na dawo da gishiri, naƙuda ta kama ni a gindin ɗorawa. Kasuwarmu kuwa duk bayan kwana uku take ci, yau ta faɗa kan wannan rana, gobe kan waccan. Mu a lokacin da kasuwa muke lissafi, ba mu san wata Asabar ba. Ni da na haife ka ban sani ba, kai a ina ka samo?"

Yara suka daina tauna. Nan maigidana ya ba da labarin da ni matarsa ban taɓa ji ba. Da ya zo Kumasi koyon kafinta yana saurayi, ubangidansa Ba'asante ya tambaye shi ranar haihuwarsa don ya san sunan da zai kira shi. Ya ce bai sani ba. Mutumin ya ce, "Yau Asabar ka shigo shagona, to kai ɗan Asabar ne." Har sunan da duk unguwa ke kiransa da shi daga nan ya fito.

Na yi dariya har na sarƙe. 'Yarmu ta ce, "Baba, ashe Asabar ɗin ta aro ce?" Mma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ka sani da Allahnka. Ni dai uwata ta ce an haife ni ana yankan gero, ana ruwa. In akwai ranar yankan gero a kira, zan tashi."

Da farkon wata ya sake zagayowa, Mma ta ce ƙafarta na ciwo, mu tafi kawai. Mun dawo na same ta a tsakar gida tana tsinke ayoyo da Hajiya, tana rera waƙar 'yan Talata ƙasa ƙasa, ta gama ta kama ta 'yan Laraba. Sau ɗaya ta ji su, duk ta riƙe. Ƙafar kuwa lafiya lau, don na ga yadda ta kori akuya daga kan garin masara. Daga nan sauran Lahadin ma ta fara zama a benci na baya, ta daina buɗe rawa. Wata safiya bayan addu'a ta ce, "In ruwa ya sauka a gida zan koma. A can in an buga ganga kowa tashi yake, ba a tambayar mutum ranarsa." Maigidana ya ce, "Mma, don wannan ɗan abu?" Ta ce, "A wurinka ne ɗan abu. Kai ai kana da ƙyalle."

Magana ba ta kwana a Zango. Kafin a jima mata suka fara zuwa gidanmu, wai gaisuwa. Ta farko ita ce shugabar zumuntar mata, wata Ba'asantiya mai sayar da atamfa da muke ce wa Maame, ita ke jan 'yan Juma'a. Ta zo da ayaba da farin hankici a jaka. Ta zauna ta ƙare wa Mma kallo kamar mai duba yadi, ta ce, "Ei, wannan ai ba sai an tambaya ba. Mu 'yan Juma'a ba ma zama wuri ɗaya. Mutum ya baro arewa da tsufansa ya zo Kumasi? Juma'a ce tsantsa."

Mma ta ce, "Ni ba yawo na zo ba, ɗauko ni aka yi."

Washegari 'yan Litinin suka aiko tasu, ta ce haƙurin Mma da sanyin maganarta na Litinin ne. 'Yan Laraba suka ce ba a taɓa yin mai baki irin nata a wata rana ba sai tasu. Kowa dai so yake ta shiga layinsu, don wanda ya samu mai rawa irin Mma ya gama da sauran. Hajiya tana gefe tana tankaɗe, ta kasa haƙuri, ta ce, "Ku dai Kiristan nan da neman magana. Iya, ki ɗauki Juma'a ki huta, babbar rana ce, ko mu mun shaida." Maame ta tafa, "Kun ji ko? Har Hajiya ta ba mu!" Aka yi ta dariya, Mma ma ta yi. Amma hankicin duk ta mayar musu.

Fasto da kansa ya zo. Mutum ne mai sauƙi, ya zauna a kan turmi, ya ce, "Mama, wannan abu wasa ne kawai na 'yan'uwa, ba ya cikin Littafi. Ki zaɓi kowace rana, Allah ba zai riƙe ki da laifi ba."

Ta ce, "Fasto, in an kira 'yan Talata na tashi, me na faɗa wa mutane?"

"Cewa ke 'yar Talata ce."

"To ni ban sani ba. A kasuwa ma ban iya cewa gerona sabo ne in tsoho ne, balle a gaban bagade, da rawa, ga baiko a hannu. Ubangiji yana wurin ranar da aka haife ni. Zai ce, ke kuma yaushe?"

Fasto ya sosa kai, ya yi mana addu'a, ya tafi. A ƙofa ya ce mini, "Ta fi ni gaskiya, amma ban san yadda zan yi da ita ba."

To ni ba mai shawara ba ce a coci, ko sanarwa ban taɓa yi ba. Amma bakina ba ya riƙe labari mai daɗi. Duk ɗan cocinmu da ya tsaya sayen koko sai na ba shi labarin Asabar ta aro. Maigidana ya yi fushi, ya haƙura. Abin da na lura shi ne dariyar mutane ba iri ɗaya ba ce. Waɗanda aka haifa a nan Kumasi su yi dariya su wuce. Manyan da suka taso a arewa kuwa sai su yi dariya gajeriya, su duba cikin kofinsu. Wani tsohon mai gadi ya ce, "Hm. Ni ma ai ranar da aka ɗauke ni aiki ce." Wata mai sayar da wankau, shinkafa da wake, ta matso kusa da kaskon ƙosai ta ce, "Kar ki faɗa wa kowa, ni ta mijina na bi don mu riƙa tashi tare." Wani ya ce shi Lahadi ya ɗauka don ita ce ta ƙarshe, ya ga kowa ya tashi, kunya ta kama shi. Kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Sai ga Kawu wata safiya, zai tafi tasha. Na zuba masa koko, na ƙara masa ƙosai biyu a kai, ya dube ni ya ce, "Me kike nema?"

Na ce, "Kawu, kai ɗan wace rana ne?"

"Laraba mana. Ba kya ganina da shuɗi?"

"Innarka ce ta faɗa maka?"

Ya tsaya da kofi a baki. Can ya ce, "Ke yarinyar nan, Allah ya shirye ki. Layinsu na ga ya fi gajarta, na ce bari in taimaka musu."

Na ce, "A tasha in ka gama loda motoci, ka ga tsohuwa zaune da kayanta, ba ta shiga ko ɗaya ba, tafiyarka kake yi?"

"Ina! Sai na tambaye ta inda za ta."

"To a coci ka bar ɗaya a zaune. Kuma ba ita kaɗai ba ce, wasu ma motar da ba tasu ba suka shiga. Ka ƙara kira ɗaya bayan Lahadi."

Ya ce, "In ce me?" Na ce wannan kuma aikinsa ne, ni ƙosai na iya.

Kawu ya kai wa Fasto. Fasto ya yarda, amma ya aiko mini da abin da ya hana ni sakewa: in aka kira, Mma kaɗai ta tashi, kowa ya zuba mata ido, ai kunyar ta fi ta da. Gaskiya ne kuwa. Waɗanda suka raɗa mini a bakin kasko, wa ya ce za su miƙe a gaban jama'a? Na tambayi maigidana ko shi zai tashi. Ya ce, "Ni da nake jan layi? Mutane su ce shekara da shekaru ƙarya nake?" Na ce, "Uwarka ce fa." Ya ɗauki hularsa ya fita shago.

Ana cikin haka aka bugo daga ƙauye aka ce an yi ruwan fari. Mma ta wanke zannuwanta, ta ƙara ɗaure ƙunshi. Lahadin da ta biyo ta farkon wata ce. Na ce, "Mma, ko ƙafar na ciwo ki daure, ai kya yi sallama da mutane." Ta ce wannan kam wajibi ne. Ban faɗa mata komai ba.

Muka zauna a benci na baya. Kawu ya fara, "Litinin! Litinin!" Ni ko waƙar ba na ji, hankalina na kan kiran ƙarshe. Da aka kira Laraba na ga Kawu bai jefa nasa baikon ba, ya bar shi a aljihu. Da aka kira Alhamis na je na dawo da sauri. Maame ta ja 'yan Juma'a da farin hankici, har ta zagayo ta bayanmu ta yi wa Mma fari da ido. Sai Kawu ya ce, "Asabar! Ina direba?" 'Yan Asabar suka miƙe, suka jeru, suna jiran mai jan layi. Maigidana yana zaune a ɓangaren maza, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wata ta ce, "Kafinta, barci kake?" Bai ɗago ba. Dole wani ya ja su. Mma ta taɓa ni ta ce, "Lafiyarsa kuwa?" Na ce, "Lafiya lau, Mma." Nan na gane kiran ƙarshe yake jira.

'Yan Lahadi suka gama, masu ganga suka fara ajiye sanduna. Kawu ya ɗaga hannu. "Ku tsaya, akwai mota ɗaya da ba ta tashi ba." Coci ya yi tsit. Ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Akwai waɗanda aka haifa ana yankan gero. Akwai waɗanda aka haifa ranar kasuwa, ko a gona, ko shekarar da rafi ya cika. Ba a rubuta ba, wadda ta sani kuma ta riga mu gidan gaskiya. Amma akwai wanda yake wurin, bai kuma manta ba. Waɗanda Allah kaɗai ya san ranarsu, motarku ce. Ku taso."

Ba wanda ya motsa. Ina jin ƙarar fanka, ina jin wani jariri na tsotso. Mma ta juyo ta ce, "Me ya ce?" Ta ji sarai, so take a maimaita. Na ce, "Ya ce waɗanda Allah kaɗai ya san ranarsu." Ta ce, "Wannan kam gaskiya ce." Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kwance bakin zanenta ta ciro baikonta, ta ɗaure zanen a ƙugu.

Masu ganga suka dubi juna, don wannan rana ba ta da waƙa. Mma ba ta jira su ba. Ta ɗaga murya da yarensu, wata waƙar godiya da suke yi in an kai sabon gero coci, ta fara takawa ita kaɗai a tsakiyar hanya. Taku kaɗan ta yi sai ga maigidana ya taso. Ya cire rawayan hankicin, ya ajiye mini a cinya da zai wuce, ya bi bayan uwarsa yana amsa mata waƙar. Ni ban ma san ya iya ba. Mai babbar ganga ya kama bugun. Kawu ya ajiye makirfo ya shiga layi, yana cewa, "Laraba, ku yafe ni!" Tsohon mai gadi ya taso. Mai wankau ta taso, mijinta ya buɗe baki yana kallonta, can shi ma ya miƙe ya bi ta, ashe wadda ta ara a wurinsa shi ma arowa ya yi. Wani dattijon ikilisiya da ke zama kusa da Fasto, mai kwat da tabarau, ya cire tabarau ɗin ya sa a aljihu ya sauko.

Maame ta hango wata 'yar Juma'arta a layin, ta ɗora hannu a ka. "Ei! Ei! Har da ke? Ke da na ɗinka miki farin hankici da kuɗina?" Wadda ake yi wa maganar ta ce, "Maame, zan dawo miki da shi, wankakke!" 'Yan Asabar suna yi wa maigidana ihu, "Ɗan aro! Ɗan aro!" shi kuma yana rawa yana ɗaga musu hannu, hawaye na zuba masa. Fasto ya yi dariya har ya zauna. Layin ya zagaya coci, ya kai ƙofa. Mu da muka san ranarmu muka zama 'yan kallo, muna tafi, har na ji kishi ya ɗan taɓa ni. Mma tana gaba, kafaɗun nan suna aiki, ba ta kalli kowa ba. Da ta isa kwano ta durƙusa, ta sa baikonta da hannu biyu, ta faɗi wata magana ƙasa ƙasa. Ina nesa, amma na ga bakinta. Cewa ta yi, "Kai ka sani."

Wace rana ce ta zo ta ɗaya a wannan wata, ban ji ba, don ana sanarwa mata sun kewaye Mma suna so ta koya musu amshin waƙar.

Da muka dawo gida Hajiya tana bakin famfo. Ta ce, "Yau kuma me ya faru? Gangarku har nan." Na ba ta labari tun daga farko, ina yi ina kwaikwayon Kawu. Ta yi dariya ta ce, "Wallahi da a ce ana yi a wurinmu, da Alhaji ne zai ja layin. Shi ma cewa aka yi shekarar fari aka haife shi." Alhaji daga cikin ɗaki ya ce, "Ina jinki fa."

Har yau ana wannan kira a cocinmu. Sun zaɓi hankici ruwan ƙasa, kuma maigidana bai koma Asabar ba, sai dai sunan ya bi shi, ba yadda za a yi da shi.

Mma ba ta ce mana ta gani ba. Ba irinta ba ce. Washegari da safe, bayan addu'a, na fita na hura wuta, na ɗora mai. Ina cikin sakin ƙosai na ji ana jan wani abu a tsakar gida, ƙarar ƙarfe a kan siminti. Na leƙa. Tsohon bokitin nan ne ta jawo zuwa inda rana ke fara sauka, tsumman irin yana buɗe a cinyarta. Ta ɗago ta ce, "'Yata, ƙasar garin nan ja ce, ban yarda da ita ba. Ki tambayi Hajiya ko za ta ba ni kashin awakinta."